Ƙarƙashin Gonar Opal

Lauya Tillman ya shimfiɗa taswira a kan teburinsa, ya danne gefenta da kofin shayi.

Loretta Pruitt ta zo masa ne da wasiƙar wani kamfanin mai. Suna son sayen haƙƙin abin da ke ƙarƙashin wata ƙasa da ta gada daga kakanta, ƙasar da ba ta ma san inda take ba. Shekara biyu ke nan mijinta Dell yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma abin da suka taya zai isa a ɗaukar masa mai jinya har iyakar ransa. Idonta ya yi rauni, ta daina tuƙi, don haka aminiyarta Opal ce ta kawo ta garin Enid a tsohuwar motarta.

"Ke dai sa hannu mu tafi, tsohuwa," in ji Opal. "Ko na samu ki saya mini sababbin haƙora."

"Da wane bakin za ki riƙe su? Surutu ya cinye shi."

Lauyan bai yi dariya ba. "Misis Pruitt, gara da kika zo kafin ki sa hannu. A shekarun da aka yi fari kakanki ya sayar da saman ƙasar, ya riƙe ƙarƙashinta. A dokarmu kuwa mai ƙarƙashi ya fi mai sama ƙarfi. In kin sayar, za su yanka hanya, su kafa injin haƙa. Mai gona diyya kawai zai karɓa, ba shi da ikon hanawa."

"Allah sarki," Opal ta ce. "Wane mai tsautsayin ne?"

Ta sa tabarau, ta sunkuya. Yatsanta ya bi rafin da aka zana har inda ya karya kwana, ya tsaya a nan. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Wannan ai gonata ce."

Loretta ta matso kusa da taswirar. "Haba dai! Duba da kyau."

"Shekara arba'in da ɗaya ina shayar da shanu a kwanar nan, ni za a ce wa in duba?" Ta juya ga lauyan. "Ni da mijina marigayi Harlan muka saya. Takardarmu tana akwati."

"In kin koma, ki karanta shafi na biyu, layin ƙarshe, inda aka ce ban da ƙarƙashin ƙasar," ya ce a hankali.

"Wato duk shekarun nan a kan kayan Loretta nake kwana?"

Can Loretta ta tambaya, "In na ƙi fa?"

"Da wuya su taɓa wurin nan kusa. Sai dai irin wannan tayin ba ya zuwa sau biyu. Ki je ki yi shawara da zuciyarki."

A hanyar komawa ko rediyo ba su kunna ba. Wasiƙar tana kan cinyar Loretta, ta dafe ta da hannu biyu. Da suka iso ƙofar gidanta, ta taga ana hango Dell a kujerarsa, kansa ya karkata gefe, yana jiran wanda zai gyara masa zama. Opal ta zuba masa ido.

"Wallahi ban san gonarki ce ba, Opal."

"Na san ba ki sani ba." Ta kashe motar, hannunta bai bar sitiyari ba. "Abu ɗaya za ki gaya mini. Wata mai zuwa ne shukar alkama. In shuka, ko in bari?"

Loretta ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya, ta kasa sauke ta biyun.