Shinkafar da Ba Ta Jiran Lauje

Wallahi ni ban sayi bala'i ba, kyauta aka kawo mini shi har gida. Ambaliyar bara ta cinye irin shinkafata kaf, sai surukina Ma'azu ya ɗauko mini buhu guda daga tsallake, ƙasar Benin, a kan babur. Na yi ta godiya, na watsa a gonata ta fadamar Illo.

Ashe da shinkafar daji a ciki. Muguwar tana ƙarama ba ka bambanta ta da ta ƙwarai, sai ta fitar da kai mai jan gashi. Kuma ba ta jiran lauje: tana nuna sai ta zube ƙasa, ruwa ya kwashi irin ya raba wa gonakin maƙwabta.

Arzika, Sarkin Nomanmu, ya zagaya gonar ya ce kwana biyar ya rage ta nuna. Na ce a ba ni maganin ciyawar da ake fesa wa shinkafa. Ya ce wannan ba zai taɓa ta ba, ai ita ma shinkafa ce. Sai dai mai kashe komai, da tawa da ta dajin.

"Baba, mi za mu ci bana?" na ce masa.

"Mi fadama duka za ta ci baɗi?" in ji shi.

To, ina zan sa kaina? In na fesa, na kashe abincin gidana da hannuna. In na ƙi, ba ni da fuskar shiga masallaci a garin nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji haushin Ma'azu, bawan Allah da bai san komai ba.

Na roƙi Arzika ya bar mini duk inda muka iya tsincewa da hannu. Ya yarda, da sharaɗin kada a ga ko kai ɗaya. Kwana uku ni da matata Raliya muna duƙe cikin ruwa har ƙafafunmu suka yi fari, kusurwa ɗaya kawai muka gama. Ko buhu biyu ba za ta ba da ba, amma ai abinci ne.

Rana ta huɗu na goya famfon feshi tun da safe. Raliya na ɗebo ruwa, ina haɗa magani, ina bin shinkafar da ta fara ɗaukar ciki ina fesa mata. Arzika na tsaye can kan kunya. Da na iso kusurwar nan sai na sauke famfon.

Raliya ta shiga ta yi duba na ƙarshe. Na ga ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba. Arzika bai gani ba, yana da nisa. Na san ta ga kai mai jan gashi, na yi mata ido ta danne shi cikin laka.

Ta miƙe da jan kan a hannunta, ta ɗaga shi sama.

"Ba ɗaya ba ne, Malam," ta ce. "Ɗauki famfon."