Cikon Ashirin

A shekara ta biyu da ɓarkewar yaƙin basasa tsakanin Kudu masu riƙe bayi da Arewa, lokacin da ganyen taba yake rataye a rumbuna yana shan hayaƙi, manyan Kudu da ke zaune a Richmond, babban birnin jihar Virginia, suka fito da wata doka wadda ko kunyar rubuta ta ba su ji ba. Kowane farar fata mai ƙarfi a jika dole ya ɗauki bindiga ya je ya tare sojojin Arewa. Amma wanda yake da bayi ashirin, shi ya zauna gida ya tsare su. Wato mai gona ɗaya da alfadari ɗaya ya je ya mutu, don mai bayi ashirin ya ci gaba da shan iska a barandarsa.

Edmund Harwell yana da sha tara.

Da ashirin ne cif, sai wani ƙato mai suna Jubal ya tafi yankan itace bai dawo ba. An ce an gan shi yana kora dawaki a sansanin 'yan Arewa. Wannan Harwell ɗin kuwa shi ne ya hau kan ganga a ƙofar kotu ranar da Virginia ta ɓalle daga tarayya, yana kaɗa hula yana rantsuwa cewa ɗan Kudu ɗaya ya ishi 'yan Arewa goma. Samari da yawa sun bi muryarsa sun tafi. Shi dai tun daga ranar ciwon baya ya kama shi.

Ranar Laraba da hantsi ya ɗaure dokinsa a ƙofar maƙerar Silas, wadda take a mararrabar hanya, ƙasa da gonarsa.

Silas maƙeri ne ɗan shekara sittin da uku. A gidan su Harwell aka haife shi bawa, uwar Edmund ce ta 'yanta shi a wasiyyarta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Matarsa Keziya ba a sa ta cikin wasiyyar ba, tana can tana yi musu girki. Doka ta ce 'yantacce ya bar ƙasar, amma saboda ita ya roƙi kotu ta bar shi ya zauna. Duk bayan shekara biyar sai ya je gaban akawun kotu, a tuɓe masa riga, a duba shi kamar doki a kasuwa, a rubuta sabuwar takarda: tsayinsa kaza, tabon wuta a wuyan hannun hagu, haƙori ɗaya babu, sana'arsa ƙira. Wannan takardar ce 'yancinsa. In babu ita, duk farar fatar da ya tare shi a hanya yana iya kai shi kasuwa.

"Kawu Silas!" in ji Harwell, yana fara'a. "Har yanzu kana dukan ƙarfe kamar saurayi."

Silas ya cire hula. Ya san tun da aka ce Kawu da wannan zaƙin baki, akwai magana.

"Sannu da zuwa, Ubangida Edmund. Yaya bayan?"

"Da sauƙi. Ka ga, wata 'yar alfarma ce. Jibi Juma'a mai ɗaukar soja zai zo ya ƙirga mutanena. Ka zo ka tsaya a layi, safiya ɗaya tak. Ya ƙirga, ya rubuta, ya tafi, ka dawo kan aikinka."

"Ya rubuta ni a matsayin me?"

"Haba Kawu! Rubutu ne kawai."

"Ai wannan ma da nake yawo da ita rubutu ce kawai."

Fara'ar ta ɗan ragu. Harwell ya shiga kaɗa bulalarsa a kan takalmi.

"Kai ka goya ni a wuya ina yaro. So kake a kai ni inda ake yanke wa mutane ƙafafu da zarto? In na tafi, wa zai riƙe gonar? Matata ba za ta iya ba. Dole a rage baki. Akwai dillalin da ya daɗe yana tambayata Keziya, ya ce a gonakin rake na can ƙasa ana neman masu girki."

Silas ya dubi wutar maƙerarsa. Shekara talatin da huɗu ke nan da aurensu.

"Zan zo," in ji shi.

"Na san ba za ka ba ni kunya ba. Kawo takardar taka in ajiye maka, kada a laluba ka a gan ta."

Silas ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin taba, ya buɗe, ya miƙa. Harwell ya warware takardar, ya karanta layin farko, ya matsa kusa da wuta kamar mai neman haske, alhali rana tana tsaka. Sai takardar ta suɓuce daga yatsunsa ta faɗa kan garwashi.

"Kash!" in ji shi. Bai ko sunkuya ba. "Kada ka damu, in yaƙi ya ƙare sai a rubuta wata."

Ya hau dokinsa ya tafi.

Da la'asar Silas ya bi ta bayan gida ya sami Keziya a ɗakin girki tana kwaɓa garin masara. Ya kwashe labari ya gaya mata. Ba ta ɗaga kai ba sai da ya kai inda takarda ta ƙone.

"Ka ba shi? Da hannunka? Tsoho, ashe hayaƙin gawayi ya gama cinye maka ƙwaƙwalwa!"

"Rage murya, mace." Ya taɓa hularsa. "Ta bara tana nan cikin ɗinki. Wadda ya ƙona tsohuwar ce, wadda akawu ya manta bai karɓa ba ranar da ya sha ya yi tatil. Yaron bai ko duba shekara ba."

Keziya ta saki numfashi, ta goge hannu a zaninta.

"To me ya rage?"

"Ke kika rage. Ya nuna min abin da yake nufi. Ba safiya ɗaya ba ce, in aka rubuta ni bawa na zama bawa har kabari. In kuma na ƙi, ya sayar da ke."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda babu daɗi a cikinta.

"Ai na ɗauka maƙera sun iya ƙirga. Mu nawa ne a gidan nan?"

"Sha tara."

"Nawa yake nema?"

"Ashirin."

"In ya sayar da ni saura nawa? Mutumin da yake yawo yana roƙon kai ɗaya, shi ne zai rage ɗaya? Kuma matar tasa, ko ruwan zafi ka sa ta dafa sai ya ƙone. Wa zai ciyar da ita?"

"In ya yi don haushi fa?"

"To ya yi." Ta nuna shi da muciya. "Ka saurare ni, Silas. A duk zuri'armu kai kaɗai ne ka taɓa fita daga layin nan. In Lahadi ta yi na gan ka kana tahowa da takalminka, ba wanda ya ba ka izini, da wannan nake cika cikina sati guda. Ka koma layi saboda ni, wallahi ko gaisuwarka ba zan ƙara amsawa ba."

Juma'a da safe aka jera su a gaban baranda, daga tsohuwar da ba ta gani sosai har jaririn da ke bayan uwarsa, don doka ba ta ce sai mai iya aiki ba, kai kawai take nema. Harwell ya sa an ba Silas wata tsohuwar rigar buhu, an karɓe takalminsa. Hula ce kaɗai ba wanda ya kula da ita. Aka tsayar da shi a ƙarshen layi.

Mai ɗaukar sojan ya iso a kan wata ramammiyar goɗiya, da sojoji biyu a bayansa. Sajan Gaskins sunansa, mutumin kan duwatsu ne, inda ko mai bawa ɗaya babu. Hannun rigarsa na dama a naɗe yake an maƙale da allura, ya baro hannun a fagen fama. Harwell ya tarye shi da kofin giya. Ya karɓa ya shanye bai ce na gode ba.

"Kai ne mai ashirin ɗin?" in ji shi. "Ni ƙannena biyu aka binne a rami ɗaya. Da tsohonmu ya san haka, da bayi ya tara maimakon 'ya'ya."

"Doka ce, Sajan, ba ni na yi ta ba."

"Ai na san ba kai ka yi ba. Abokan cin abincinka ne suka yi."

Ya bi layi yana nuna kowa da haɓa. Duk namijin da ya zo kansa sai ya cire hula ya dubi ƙasa, kamar yadda aka koya wa kowa tun yana rarrafe. Sha bakwai, sha takwas, sha tara. Ya zo kan Silas. Hula tana kai, ido yana kallonsa.

"Wannan tsohon fa? Ba a koya masa gaisuwa ba ne?"

"Kurma ne," in ji Harwell da sauri. "Silas! Hularka!"

Silas ya cire hular a hankali. Ya sa babban yatsa ya farke ɗinkin ciki, ya zaro takarda, ya miƙa wa Sajan.

"Yallaɓai, ni ba na cikin lissafin nan. Ni 'yantacce ne."

Sajan ya riƙe takardar da hannunsa ɗaya yana karantawa, leɓunansa suna motsi. Ya ce Silas ya juyo wuyan hannunsa, ya ga tabo. Ya ce ya buɗe baki, ya ga giɓi. Ya duba hatimin kotu. Sai ya juya ya dubi Harwell, murmushi ya bazu a fuskarsa.

"Sha tara."

"Ta jabu ce! Ni da kaina na ƙona..." Harwell ya kama bakinsa.

"Ka ƙona me, ranka ya daɗe?"

"Sajan, bayana ba shi da lafiya. Likita ya ce..."

"Ni ma hannuna ba shi da lafiya. Je ka ɗauko kayanka. Dokin nan naka ma runduna tana so, kai ka taka da ƙafa."

Matar Harwell ta ƙwala ihu daga baranda. Shi kuwa ya juyo kan Silas, fuskarsa ta yi jawur.

"Butulu! Uwata ta 'yanta ka!"

"Ita ta 'yanta ni," in ji Silas. "Kai ka ƙona."

Ya miƙa hannu a ba shi takardarsa, a ransa yana cewa an gama. Sajan bai sake ta ba, yana sake duba wani layi.

"An ce nan kai maƙeri ne."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Madalla. Akwai umarni, 'yantattun baƙaƙe su je aikin runduna. Dawakinmu rabi ba su da takalmi. Ɗauko gudumarka."

"Yallaɓai, umarnin nan na ji shi. Daga shekara sha takwas ne zuwa hamsin. Takardar ta faɗi shekaruna, na haura sittin."

"Ni maƙeri na gani. Sauran rubutun ya yi ƙanana." Ya cusa masa takardar a ƙirji. "Ko ka ɗauka don kai na yi wannan? Da bawansa ne kai, da sai na nemi izininsa kafin in taɓa ka, don dukiyar mutum ce. Yanzu kuwa ba ka da mai kai. Wuce mu tafi."

Haka abin yake a ƙasar nan. Da Silas ya yi shiru ya amsa sunan bawa, da ya kwana kusa da matarsa. Da ya ce shi mutum ne, sai aka tura shi ya yi wa dawakin masu yaƙin riƙe matarsa a bauta takalmi.

Keziya ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ta fito da takalminsa, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ɗaura masa gurasar masara da ɗan naman gishiri a tsumma. Ta karɓi hular, ta mayar da takardar, ta ɗinke da zaren da ke maƙale a wuyan rigarta, Sajan yana ta tsaki bai hana ta ba.

"Kada ka tsaya bayan doki, tsoho," in ji ta. "Ka san ba ka da saurin kaucewa."

"Ke kuma ki rage gishiri a miya."

Suka kama hanya, sojoji a kan dawaki, mutum biyu a ƙasa. Suka tsaya a mararraba Silas ya ɗauko gudumarsa. Ba su yi nisa ba Harwell ya fara haki. Jakar fata ce a hannunsa, matarsa ta cika ta da riguna da kwalaben magani. Ya tsaya, ya miƙa ta gefe ba tare da ya waiwaya ba, kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya saki.

Jakar ta faɗi cikin ƙura.

"Silas! Ba ka gani ba ne?"

"Na gani, Edmund."

Ya gyara gudumarsa a kafaɗa, ya danna hularsa, ya tsallake jakar ya wuce.