Shafin Yaya

Aikina haɗa kwamfutocin ofisoshi da intanet, kuma rabin kiran da ake yi mini a kan abu ɗaya ne: an rubuta sunan shafi ya ƙi buɗewa. Sai in yi ta bayani har bakina ya bushe. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta mata suna, sai ta juya ta tambayi wata na'ura, "Wannan sunan, mece ce lambarsa?" Duk abin da aka gaya mata shi za ta bi, ba musu, ba bincike. Ni ce ke gaya mata wanda za ta tambaya, kuma da wannan nake ci.

Yayana mai ɗaukar hoto ne, Allah ya ji ƙansa. Bai damu da fuska ba, hannaye yake ɗauka: hannun mai walda, na tela, na ungozoma, na mai wankin mota. Ya zuba su duka a shafi mai sunansa. Bayan rasuwarsa Inna ta koyi buɗe shafin a kwamfutar falo. Kullum in ta gama shan shayi sai ta sa tabarau ta zauna, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk baƙon da ya shigo kuwa sai ya ji cewa ɗanta yana intanet, ko'ina mutum yake a duniya zai iya ganin aikinsa.

To shi sunan shafi haya ake yi, shekara-shekara. Saƙon tuni yana zuwa imel ɗin Yaya, wanda ba mai iya buɗewa. Wa'adi ya cika, masu jiran a saki suna su cafke suka cafke. A ofis na fara gani. Na rubuta sunan ɗan'uwana, sai ga tallan tayoyi da maganin rage ƙiba. Na aika musu saƙo har na gaji, ko tari ba su yi ba.

A makon Inna tana kwance da zazzaɓi, ba ta leƙa falo ba. Ina da kwafin hotunan, don haka na zuba su a wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta, na ajiye ta a kan kabad ɗin ɗakina. Sannan na shiga rautar gidan, na'urar da ke raba mana intanet, na ƙara layi ɗaya: duk wanda ya tambayi sunan Yaya, a ba shi lambar wannan kwamfutar. Sauran sunaye a tambayo waje kamar yadda aka saba. Aikin bai kai dafa ruwan zafi ba. Da Inna ta warke ta zauna ta buɗe, hannayen suna nan.

Matsalar ita ce baƙi. Wanda ya hau waifai ɗinmu, rautarmu yake tambaya, sai ya ga hotuna. Wanda ya buɗe da datarsa, duniya yake tambaya, sai ya ga taya. Shi ya sa na zama mai karamcin dole. Kafin baƙo ya gama gaisuwa na karɓe wayarsa na sa masa lambar waifai. Goggona har tana cewa a gidanmu intanet ake fara ba mutum kafin ruwa. Na bar ta a haka.

Wata Asabar wani mai walda ya zo. Hannunsa yana cikin hotunan, mai tabon ƙuna a bayan babban yatsa. Bai ji rasuwar ba sai daga baya, ya zo yin ta'aziyya. Na sa masa waifai, Inna ta nuna masa hannunsa, ya yi ta juya nasa yana kwatantawa. Ya ce zai nuna wa matarsa in ya koma gida. Na ji sarai, na bar shi ya tafi.

Washegari da hantsi ya dawo, waya a hannu. Ina kicin.

"Mama, a gida ya ƙi," ya ce. "Taya yake nuna mana. Matata ta ce ko ƙarya nake yi."

Ya buɗe a gaban Inna, wayarsa ta riga ta hau waifai da kanta, sai ga hotunan. Bawan Allah ya rikice, ya fara rantse-rantse. Inna ta ce masa kada ya damu, ta sallame shi. Sannan ta kira ni.

"Auta, wannan aikinki ne?"

Na zauna na yi mata bayanin da nake yi wa manajoji, na suna da lamba da mai tambaya da mai amsa. Ban taɓa yin sa a tsanake kamar ranar ba. Ba ta katse ni ba.

"Ke nan a gidan nan kaɗai ake ganin sa."

"A nan kaɗai."

"Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓinki."

"Duk mutanen da na ce su je su duba?"

Kunya ta kama ni, da haushi kuma, don ni a ganina alheri na yi.

"Nuna mini abin da suke gani," ta ce.

Na shiga rautar na kashe layin, na sake buɗe shafin. Ta gyara tabarau ta karanta tallan daga sama har ƙasa, har da na maganin ƙibar. Sunan ɗanta yana nan a can sama, a rubuce daidai, ba harafin da ya ɓata.

Na ce bari in mayar mata, ba wuya.

"Bar shi haka," ta ce. "Abin da kowa ke gani, shi zan gani. Hotunan ki wanko mini su a takarda. Ki ƙara ɗaya na mutumin nan, ya kai wa matarsa."

Ta tashi ta kwashe kofuna. Na goge layin gaba ɗaya daga rautar, na duba wayata, na duba kwamfutar falo, duka taya suke nunawa.

Kowace kwamfuta tana da ɗan fayil nata na sunaye, wanda take dubawa kafin ta tambayi kowa. Da na koma ɗaki na rufe ƙofa, na buɗe fayil ɗin kwamfutata ta aiki na rubuta layin a ciki: sunan Yaya da lambar kwamfutar kan kabad. Inna ba ta sani ba, kuma ba ta tambaya ba.