Maigidan Yaya Mal-sun

A zaune na same ta a ƙasan kicin, ta jingina da firji, katakon yanka a kan cinyarta. Tsayuwa ta gagare ta, amma wuƙar ba ta tsaya ba.

"Yaya, ke da likita ya ce ki kwanta?"

"Likitan ne zai ciyar da Maigida? Miƙo min kabewar nan, Maman Eun-bi, ki daina tsaya min a kai kamar sandar lantarki."

Maigida ƙadangare ne mai gemu. Ita ta raɗa masa sunan, wai halinsa ɗaya da marigayi mijinta: ga gemu, ga zama wuri ɗaya ana jiran abinci. Na jikanta ne, Gi-tae, wanda ta raina tun yana rarrafe. Da zai tafi aikin soja ya kawo mata shi cikin akwatin gilashi. A lokacin ƙadangaren ko jikinsa ba ya iya ɗagawa, ƙafafunsa sai rawa suke, don tsutsa zalla yaron yake ba shi. Likitan dabbobi ya ce ƙasusuwansa sun yi laushi.

Yaya Mal-sun ta tsufa tana sayar da kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, a kasuwar Mokpo, kuma ba ta taɓa yarda wani ya lalace da yunwa a gabanta ba. Ta saurari bayanin likitan, ta dawo ta cika rufin gidanta da tukwanen shuka. Kullum da safe sai ta yanka ganye siriri, ta goga kabewa, ta barbaɗa farin garin ƙarfin ƙashi. Babu gishiri, babu barkono, babu albasa. Gyare kuwa sai ta fara ƙosar da su da karas kafin ta ba shi. Kafin bazara Maigida ya miƙe. Ta riƙa saɓa shi a kafaɗa tana zagaya layinmu.

"Ku dubi ƙafafun nan! Wa ya ce ba zai rayu ba?"

Yanzu ita ce ciwon daji ya kama a ciki, ko kunun shinkafa ba ya zama. Da ta kasa tashi gaba ɗaya, ciyarwar ta dawo hannuna. Ƙadangaren ya dubi kwanona, ya rufe ido. Tausayi ya kama ni, na ɗauko robar tsutsa a hankali.

"Ajiye!" Ashe daga shimfiɗa tana kallona. "Haka kika ɓata mijinki da soye-soye har tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki. Wayo yake miki. Ki motsa ganyen da yatsa, ya ɗauka mai rai ne."

Na motsa. Ya karkata kai, ya zaro harshe, ya cafke.

"Kin gani? Babba ne yanzu. Ganye ne abincinsa, ƙwari na marmari ne."

Ta hana a gaya wa Gi-tae maganar ciwonta, wai kada hankalinsa ya rabu yana riƙe da bindiga. Ban ji maganarta ba. Na sa 'yata ta kira barikin, aka ba shi hutu.

Da hantsi ya iso cikin kaki, ya cire takalma ya durƙusa. Da ya ga yadda ta koma sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Kaka, me ya sa ba ki..."

"Kai, soja guda! Share hancinka. Ba ni za ka kalla ba, buɗe akwatin can."

Ya buɗe, ya sauke ƙadangaren ƙasa. Maigida ya tsaya kan ƙafafunsa huɗu, ƙirji a sama, ya kumbura gemu, sannan ya kwasa da gudu har gindin tagar da rana ke shigowa. Gi-tae ya saki baki.

"Gudu yake yi! Kaka, gudu fa!"

"To da rarrafe zai yi? Gurgu ka ba ni, ga abin da na mayar maka. Ɗauke shi ka ji nauyi."

Ya ɗauke shi yana dariya, hawaye na sauka a kan kakinsa. Ita kuwa ta gyara kai a matashi, ta dube ni ta ɗaga haɓa, kamar yadda take yi a kasuwa idan mai saye ya ɗanɗana kimchinta ya yi shiru.

Ba ta kai ƙarshen hutunsa ba. Ta rasu wata safiya, hannunta cikin nasa.

Bayan jana'iza Gi-tae ya koma bariki, akwatin ya dawo ɗakina kafin ya gama aikinsa. A makon nan Maigida ya fara saɓa. Yana kwance a kan dutsensa ƙarƙashin fitila, tsohuwar fatar na reto a wutsiyarsa, sabuwar kuwa launin zuma, sai sheƙi take.