Wakilan Aro

Basharu Lawal ya buɗe baki zai karanta buƙata ta farko, sai murya ta maƙale masa.

Ba kowa ba ne a gabansa sai Sambo direba, an sa masa babbar rigar aro an zaunar da shi bayan tebur. Gwaji ake yi. Ranar Alhamis reshen Gwandu na ƙungiyar ma'aikatan asibitocin karkara zai zauna da kwamitin hukuma a sabunta yarjejeniyar aiki, yau kuwa Litinin. Basharu ne shugaban reshe. Sambo ne aka ce ya zama Alhaji Abdulrasheed, shugaban kwamitin, don shekara tara ya yi yana tuƙa shi.

Sambo ya sauke tabarau kan hanci, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, “Basharu, ya gida? Hafiza ta ji sauƙin zazzaɓin?”

Hafiza matar Basharu ce. Ɗiyar Alhaji ce ta fari.

“Da sauƙi, Baba,” in ji Basharu. Kafin ya ankara gwiwarsa ta lanƙwashe, takardar ta koma bayansa.

Ɗakin taro ya ɗauki dariya. Wani ya faɗo daga benci. Sambo ya riƙe ciki yana cewa, “Kwamared, ni ne fa! Ni ne Sambo! Tashi kada ka ja mini zunubi.”

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ladi, mai sharar asibitin Masama, ta miƙe ta gyara mayafi. Shekara goma sha huɗu tana aikin wucin gadi, ba takardar tabbatarwa, ba fansho. Su talatin da ɗaya ne haka a shiyyar Gwandu, amma ita tata ta fi matsewa. Bayan damina za ta wuce shekarun da ake tabbatar da ma'aikaci. In ba a sa hannu wannan zaman ba, ta tafi ke nan da tsintsiyarta.

Ta ce, “Ku yi dariya. Bara waccan haka aka yi. Kun shiga da buƙata bakwai, kun fito da gaisuwa.”

Sakatare Abduljalil ya ce, “Haba Inna Ladi, an ce kwamiti zai duba.”

“Shina nan shina dubawa. Kai Abduljalil, wa ya yi maka walicci ranar aurenka?”

Sakatare ya dubi ƙasa. “Alhaji.”

“Kai Muzzammil, gaban wa ka sauke Alƙur'ani?”

“Gaban yayansa.”

“Ke Zulaiha, mataimakin Alhaji mi ne gare ki?”

“Kawuna ne.”

“To. Wakilai ke nan.”

Wani daga baya ya ɗaga murya. “A tura Ladi mana, tun da ita ke da baki!”

Ladi ta juya ta dube shi. “Ni? Uwar Alhaji ce ta goya ni da uwata ta rasu. In na shiga ɗakin nan, ko suna na ba zan iya faɗi ba.”

Dariya ta mutu. Aka bi ɗakin benci benci, ba a sami mutum ɗaya da babu igiyar da ta ɗaure shi da wani a kwamitin ba. Wannan suruki, wannan almajirin gida, wancan a gonar wani yake noman albasa. Haka Gwandu take. Tsohon gari ne, kowa ya san kakan kowa.

Basharu ya ajiye takarda ya fita. Ba matsoraci ba ne. Shekarar da amai da gudawa suka sauka a ƙauyuka, shi ya kwana bakwai a ɗakin marasa lafiya da wasu suka gudu. Ya taɓa tsayawa gaban babban jami'i daga birni ya faɗa masa maganin da aka kawo ya lalace. Amma mutumin da ya ba ka ɗiyarsa, wanda ko sunansa ba ka kira, ta yaya za ka dubi idonsa ka ce masa a'a? Ba a koya masa haka ba, ba kuma zai koya wa 'ya'yansa ba.

Sambo ya same shi gindin dalbejiya, ya tuɓe rigar aron ya rataya a kafaɗa.

“Kada ka sa a ranka, Kwamared. Ba mu kaɗai ba ne. Wancan mako na kai magani Kalgo, na tarar da nasu shugaban, Zayyanu, kamar an yi masa mutuwa. Su ma ran Alhamis ne zamansu. Shugaban kwamitinsu ƙanen uwarsa ne.”

Basharu ya ce, “Wanga kawun Zayyanu, mi ya haɗa ni da shi?”

“Babu. Ko sanin shi ba ka yi ba.”

“Su mutanen Kalgo, mi ya haɗa su da Baba?”

Sambo ya jefar da rigar ƙasa ya ce, “La ilaha illallahu!”

Suka koma ciki. Basharu ya sa sakatare ya buɗe kundin tsarin ƙungiya. Babu inda aka hana. Kowane reshe yana iya wakilta duk ɗan ƙungiya mai kati. Ya faɗa musu abin da yake nufi: su biyar su tafi Kalgo su yi wa Kalgo magana, Kalgo ta aiko biyar su yi wa Gwandu.

Muzzammil ya ce, “Kwamared, za a ce ka gudu ka bar kujerarka a garinku.”

“A ce.”

“In Alhaji ya ji kai ka ƙulla fa?”

Wannan ita ce mai nauyin. Basharu ya dubi Ladi, ya ce, “A ɗaga hannu.”

Hannu ya tashi ɗakin duka. Sambo ya ɗaga biyu.

Talata da sassafe Basharu da wakilansa, tare da Sambo da Ladi, suka shiga ƙaramar bas zuwa Birnin Kebbi, suka canza wata zuwa Kalgo. An yi ruwa da asuba, fadama ta cika, shinkafa ta yi kore shar har inda ido ya tsaya. Zayyanu Albarka ya tarye su a rumfar bayan asibiti. Dogo ne, mai magana a hankali. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hula ya shafa kai, ya ce, “Wallahi kwana uku ban ci abinci ya zauna ba. Uwata ta aiko mini cewa in na ɗaga wa ƙanenta murya ba ta yafe ba.”

Aka tara mutanen Kalgo, aka shiga tantancewa. Abin ya zama kamar binciken aure, sai dai a juye. A wurin aure ana neman dangantaka, a nan wanda aka samu da ita ya faɗi. Kowa ya zo ya zauna, a tambaye shi: uwarka 'yar ina ce? Wa ka aura? Gaban wa ka yi karatu? Ƙanwarka ina aka kai ta?

Wani mai ba da magani, ƙato mai murya kamar ganga, ya tsallake duka, har an rubuta sunansa. Sai wata ta ce, “Tsaya. Ba gwaggonka ce ke aure a Gwandu, unguwar bayan kasuwa ba?”

“Ai ta rasu tun ina yaro!”

Zulaiha ta ce, “Gidan kawuna ne. Za a tuna maka da ita tun kafin ka zauna.”

Aka soke shi. Ya fita yana ƙunƙuni, ana yi masa dariya.

Ta biyar da aka zaɓa ita ce Khairiyya, ungozomar Wurogauri. Gajeruwa ce, ba ta kai kafaɗar Basharu ba. Da aka tambaye ta ko tana da wani a Gwandu ta ce, “Ban taɓa zuwa ba. An ce albasarku ta fi mutanenku yaji.”

Sambo ya ce, “Wagga ita ce. A sa ta gaba.”

Laraba aka wuni ana koya wa juna. Mutanen Gwandu suka haddace sunayen 'yan wucin gadin Kalgo da shekarun kowa, da maganar safar hannu da takalman ruwa da ba a raba ba. Mutanen Kalgo suka haddace na Gwandu. Ladi ta zauna kusa da Khairiyya ta ba ta labarinta tun daga ranar da ta fara shara. Khairiyya ba ta rubuta komai ba. Ta ce, “Na ji. Ya shiga.”

Da la'asar aka sake sa wa Sambo riga. Ya sauke tabarau, ya yi gyaran murya, ya ce, “Baiwar Allah, an zo lafiya? Ya mutanen Kalgo, ya ruwa?”

“Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ruwa ya yi gyara. Buƙata ta farko.”

“To, to. Ai wannan sai kwamiti ya duba.”

“Ga kwamitin zaune. A duba, muna jira.”

“Yarinya, kin san da wa kike magana?”

“Na sani. Shi ya sa na kawo maka, ban kai wa maigadi ba.”

Sambo ya yi ta juyi, ya kawo fushi, ya kawo lallashi, ya kawo wa'azin haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa ba. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu sama ya ce, “Ku zo ku cire ni! Allah ya ji ƙan Alhaji gobe.”

Ran Alhamis ƙarfe goma Basharu ya shiga ofishin shiyya na Kalgo da mutanensa huɗu. Kawun Zayyanu dattijo ne fari, mai carbi. Ya dube su ɗaya ɗaya, ya leƙa bayansu yana neman ɗan 'yar'uwarsa.

“Ina Zayyanu?”

“Shina waje, ranka ya daɗe. Mu ƙungiya ta wakilta. Ga katinmu.”

Basharu ya gaishe shi gaisuwar da ta dace da babba, bai rage komai ba. Sannan ya zauna kan kujera ya karanta buƙata ta farko, murya ta fita sarai. Dattijon ya saurara, ya ja carbi, ya ce a bar wa kwamiti ya duba.

Basharu ya ce, “A'a, ranka ya daɗe.”

Shi kansa ya ji mamakin sauƙin kalmar. Rufin bai faɗo ba. Dattijon ma bai mutu ba, gyara zama kawai ya yi ya ce a kawo fayil.

Aka ja har aka tashi sallar azahar, aka dawo aka ci gaba. Ba duka aka samu ba. Maganar gidajen ma'aikata an ɗage ta. Amma an sa hannu a tabbatar da 'yan wucin gadi kafin ƙarshen damina, a raba kayan aiki cikin wata. Da suka fito, Zayyanu ya rungume Basharu har ya ɗaga shi sama.

Wayar Basharu ta yi ƙara. Sambo ne, daga Gwandu inda ya raka mutanen Kalgo, amma ba a jin abin da yake faɗi. Guɗa ce ta cika wayar, mata da yawa, ta Ladi ta fi ta kowa tsawo. Da ƙyar Sambo ya samu ya yi ihu, “Talatin da ɗaya, Kwamared! Duka! Wagga mata ta Wurogauri ko ruwa ba ta sha ba!”

Basharu ya zauna a bakin baranda. Ya daɗe riƙe da wayar a kunne.

Juma'a bayan an sauko masallaci ya tafi gaida surukinsa kamar kullum. Ya yi sallama a zaure, ya durƙusa nesa da tabarma, kai a ƙasa. Alhaji Abdulrasheed na zaune shi kaɗai. Aka gaisa, aka tambayi Hafiza da yara.

“An turo mini wasu mutane jiya,” in ji Alhaji. “Wata gajeruwa ta tsare ni awa huɗu. Ko wadda ta haife ni ba ta taɓa yi mini haka ba.”

“Allah ya ba da haƙuri, Baba.”

“An ce Kalgo ma wani mutumin Gwandu ya je ya hana dattijo sakat.”

Basharu bai ɗago ba.

Alhaji ya sauke tabarau, ya yi gyaran murya. “Ladi a bayan uwata ta girma. Kai mijin ɗiyata ne. Da ku kuka roƙa na sa hannu, da safe za a rubuta birni a ce Abdulrasheed ya raba wa gidansa aiki. Shekara huɗu ina jiran a aiko mini wanda ban sani ba ya matsa mini.” Ya tura masa kwanon fura da ƙafar sanda. “Kun daɗe ba ku gane ba. Sha.”