Inuwar da Kawu Ya Shuka

Hasumiyar awon iska tana tsakiyar wata makiyaya, filin kiwo. Aikinta ta auna iskar kabon da ciyawa ke shaƙa da wadda ƙasa ke fitarwa. Sauran hasumiyoyi tara suna cikin kurmi da gonaki, ita kaɗai ce a kan ciyawa. Saboda haka abin da ta nuna shi ake rubuta wa makiyayar yankin baki ɗaya.

Shekara goma sha biyu wata injiniya tana karanta alƙalumanta daga ofis, kullum suna ƙara kyau, alhali hotunan sama sun nuna ciyawa na ƙarewa. Sai ta je da kanta.

Mai gadin wurin ƙanen mahaifiyarta ne, ita ta sama masa aikin. Ya tare ta da murna.

"Yau 'yar ofis ta tuna da mu! Shigo inuwa, kada ki narke."

Ta ɗaga kai. Bishiyoyin mangwaro sun kewaye hasumiyar, ganye shar, har sun kusa taɓa na'urar awon da ke samanta.

"Kawu, wa ya shuka waɗannan?"

"Wa kuwa? Rana ce nake gani tana gasa ƙarfen nan naki, na tausaya masa. Da bokiti na raine su, guda arba'in."

Ta zauna a kan tubali. A hankali ta bayyana masa cewa na'urar numfashin abin da ke kusa da ita take ji. Shekarun nan duk numfashin mangwaronsa take aunawa, ba na ciyawa ba. Da alƙaluman nan aka ce makiyaya lafiya lau take, aka janye aikin farfaɗo da ita.

"To yanzu fa?"

"Dole in rubuta gaskiya, Kawu. Za a zubar da awon duka. Mai yiwuwa a rufe wurin."

Ta shiga ɗakin na'urori ta rufe ƙofa, ƙarar injin ta cika mata kunne, ta yi awa uku tana rubuta rahoto.

Da ta fito, bishiyoyi bakwai suna kwance. Kawu yana tsaye da gatari, tafin hannunsa ya fashe.

"Na fara gyarawa, 'yata. Kafin jibi na gama. Sai awon ya dawo daidai, ko?"

Ta karɓi gatarin, ta ɗaure masa hannu da gyalenta.

"Ba zai dawo ba, Kawu. Na riga na aika."

Ya juya yana kallon sauran talatin da uku.