Ba Umara a Titi na Goma Sha Biyu

Mahaifina, Ba Umara, shekara ashirin da shida ya yi yana jan bas tsakanin Maiduguri da Bama, bai taɓa kayar da mota ba. Da aka rufe hanyar saboda hare-hare, sai ya dawo gidanmu na unguwar Mairi ya zauna. Kullum da safe zai wanke motar, ya tayar da injin ya saurara, ya kashe, ya koma kan tabarma. Mahaifiyata Ya Kellu ta ce mini ko magana ma ya rage.

Ina aji biyu a jami'a a lokacin. Laftof ɗina ta lalace, na kai wa Chibueze, mai shagon gyaran kwamfuta a unguwar Bulumkutu, wanda ya ƙi barin gari lokacin da 'yan uwansa da yawa suka tattara suka koma kudu. Da ya gyara sai ya saka mini wani wasan tsere, ya ara mini rimot ɗin da ake buga shi da shi.

Motocin wasan ba su da taya, shawagi suke yi ɗan sama da titi, cikin biranen da aka ce na shekara ɗari biyar ne nan gaba. Tituna goma sha biyu ne. Na ƙarshen siriri ne, a rataye a sama, babu katanga a gefe, kuskure ɗaya ka rufta. Ɗaliban da ke taruwa a shagon suna kiransa Siraɗi. A bango akwai kwali inda Chibueze yake rubuta sunan gwanin kowane titi, layi na goma sha biyu kuwa fayau yake.

Wata rana da hantsi ina bugawa a tsakar gida, na faɗa sau bakwai a wata kwana guda ta titin. Ban san Baba yana tsaye a bayana ba.

"Humaira, a cikin kwana ake taka birki?" Ya tambaye ni. "Kafin ki shiga ake takawa. In kin shiga, ki bar mota ta yi aikinta."

Na miƙa masa rimot ɗin, ina tsammanin zai ƙi. Ya zauna. Yatsunsa masu kauri ne, yana danna maɓalli biyu a tare, motar ta bugi bango tun kafin a yi nisa. Ya Kellu ta yi dariya daga kicin. Ya ce in nuna masa totur da birki, in ƙara sauti.

Mako uku ya yi yana koyo. Wuta ba ta zuwa, don haka duk bayan kwana biyu shi da kansa yake ɗaukar laftof ɗin ya hau keke napep, ya wuce shingen sojoji uku zuwa Bulumkutu a yi caji a janareton Chibueze. Ba ya gudu kamar ɗalibai. Titi ɗaya zai bi a hankali sau goma, har sai ya haddace kwanoninsa kamar yadda ya haddace ramukan hanyar Konduga. Ya ce mini injin wasan yana canza murya dab da mota za ta zame, amma mu da ido kawai muke tuƙi. Sunan Siraɗi kuwa ya hana a faɗa a gabansa, ya ce ba abin wasa ba ne. Shi na sha biyu yake ce masa.

Ranar wata Asabar bayan azahar na raka shi shagon. Ɗalibai kusan takwas ne a ciki, har da Mikail, wanda sunansa ke kan tituna bakwai. Da Baba ya ce zai gwada na sha biyu a babbar talabijin, suka matsa masa cikin ladabi, amma na ga suna ƙunshe dariya. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

A zagayen farko shi ne na ƙarshe cikin motoci goma. A na biyu, motocin da suka wuce shi suka fara ruftawa a wata kwana mai kama da ƙugiya, shi kuwa ya ratsa ta ta ciki ko gefe bai taɓa ba. Yana tsakiyar zagaye na uku aka ji ƙarar fashewar wani abu daga nesa, ƙofar shagon ta girgiza. Kowa ya sunkuya, wasu suka fara salati. Idon Baba bai bar talabijin ba. Ya sassauta kafin kwanar ƙarshe, ya danne totur, ya wuce motar da ke gaba, ya zo na ɗaya da tazarar da ba ta kai tsawon mota ba.

Bai yi murna nan take ba. Ya ce in kira mahaifiyata in ji lafiya, kowa ma ya kira gida. Sai da aka tabbatar duk lafiya sannan Mikail ya zo ya durƙusa ya gaishe shi da hannu biyu. Chibueze ya hau kujera ya rubuta UMARA DIREBA da manyan baƙaƙe a layi na goma sha biyu. Ni dai na tsaya a bakin ƙofa, ina son duk mai wucewa ya tambaye ni 'yar waye ni.

A talabijin an nuna wata ƙofa tana buɗewa zuwa sabon birni, da rubutun cewa tseren bai ƙare ba. Chibueze ya ce an daɗe ana raɗe-raɗin kashi na biyu. Nan musu ya tashi. Wani yana son tituna talatin, wani yana son a sauƙaƙa saboda masu koyo. Mikail ya tambayi Baba shi me yake so.

"Kar su sauƙaƙa," in ji shi. "Su zuba fasinja a baya. Mutum goma sha takwas, da mai ciki, da tsohuwa mai tsoron gudu. A nan za mu ga direba."

Bayan wata biyar ya samu aikin tuƙi da wata ƙungiyar agaji, yana kai magani da abinci Monguno cikin ayarin sojoji. Kashi na biyun har yau bai fito ba, an ce waɗanda suka ƙirƙiri wasan ma sun watse. Na gaya masa haka sau biyu. Duk da haka in ya kira ni daga hanya, bayan ya tambayi karatu da lafiyar gida, sai ya ce in na bi ta Bulumkutu in tambayi Chibueze ko an ji wani labari.